GCC da Clang a kan sikeli: wacce ta fi kama ɓarakar haɗa rubutu a C da C++?

Tun ranar 4 ga Disamba, 2021 da hukumar zakka da haraji da kwastan ta Saudiyya, wato ZATCA, ta wajabta fatura ta lantarki, rasit ɗin da mai shago zai miƙo maka a Makka ko Jidda ya tashi daga takardar da ake rubutawa da biro. Ga sunan shago da Larabci, ga lambar haraji mai alƙaluma 15, ga harajin kashi 15 cikin ɗari, ga tambarin QR a ƙasa. Duk wannan rubutu ne da wata manhaja ta ɗinka guntu-guntu kafin firinta ta tofo shi. Idan da harshen shirya manhaja na C ko C++ aka rubuta ta, kamar yadda ake yi wa ƙananan na'urori, to a wurin ɗinkin nan ɓaraka ta fi fitowa.

Wannan bita saboda 'yan uwa ne da ke irin wannan aiki a Saudiyya, da ɗalibanmu da ke karatun kwamfuta a jami'o'inta. Kayan aiki biyu ne a kan sikeli: GCC, wadda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, da Clang, wadda Apple ta buɗe wa duniya a 2007 a kan ginshiƙin LLVM. Dukansu kamfaila ne, wato manhajar da ke juya abin da ka rubuta ya koma harshen na'ura, kuma babu wadda za ta ci maka ko riyal ɗaya. Tambayar guda ce: idan ka yi kuskure wajen haɗa rubutu da rubutu, wacce za ta tsayar da kai?

Hukuncin a taƙaice shi ne, idan ka kira su haka kawai ba tare da tutoci ba, wato zaɓuɓɓukan da ake ƙara wa umarnin kiransu kamar `-Wall`, dukansu za su bar ka ka faɗa rijiya suna kallo. Idan ka kunna tutocin da suka dace, Clang ta fi ido a kan kuskuren da ke jikin rubutun kansa, GCC kuma ta fi ƙwarewa a lissafin girman mazubi, wato wurin da aka keɓe a ma'adana don zuba rubutu. Akwai kuma kuskure ɗaya da ya fi damun masu aiki da Larabci da Hausa wanda babu wadda ta san da zamansa.

Abin da ake gudu

Kafaffen rubutu shi ne duk abin da ka sa tsakanin alamun zance a cikin shirinka, kamar `"Salam"`. Haruffa biyar ne a ido, amma bayit shida yake ci (bayit shi ne ma'aunin wuri a ma'adanar kwamfuta), domin kamfaila tana ƙara masa sifili a ƙarshe. Wannan sifilin ne kaɗai ke gaya wa `strlen` da `printf` da `strcat` inda rubutu ya ƙare.

Ƙa'idar C tana da wasu ayyuka da ta ce idan ka aikata su, ta zare hannunta daga duk abin da zai biyo baya. Masu sana'a suna taƙaita sunan wannan hali da UB, wato "undefined behaviour" da Turanci. Ba alkawarin faɗuwa ba ne, da ma haka ne da an huta. Shiri yana iya faɗuwa, yana iya aiki lafiya ƙalau a kwamfutarka ya lalace a ta mai shago, kamfaila ma tana da ikon share layin gaba ɗaya tunda ta ɗauka ba za ka taɓa aikata shi ba.

Hanyar da ba ta da ko ɗigon haɗari ita ce jera kafaffun rubutu kusa da juna: `"Salam" " alaikum"`. Fassarar C matakai takwas ce, a mataki na shida kamfaila ke manne su su zama ɗaya, tun shiri bai fara gudu ba. Babu mazubi, babu kwafi. Wannan ya shigo ne tun ƙa'idar 1989. Iyakarsa kawai tsawo: ƙa'idar 1989 ta ba da tabbacin haruffa 509 bayan mannewa, ta 1999 ta ɗaga zuwa 4095. GCC da Clang sun wuce wannan nesa, amma `-Wpedantic` za ta tuna maka idan ka tsallake.

Rubutu a kan abin da ba naka ba

```
char *gaisuwa = "Salam";
strcat(gaisuwa, " alaikum");
```

Laifi biyu ne a nan. Na farko, taɓa kafaffen rubutu UB ne, ƙa'idar C ta faɗe shi ƙarara a sashe na 6.4.5. Na biyu, wurin bayit shida ne ana son cusa masa 14. A Linux irin wannan rubutu yana zaune a sashen `.rodata` wanda aka kulle, saboda haka shirin yakan faɗi nan take. Amma a kan ATmega328P na Arduino Uno, kafaffun rubutu ana kwafe su ne cikin RAM ɗin nan mai kilobayit 2 kacal, babu kulli babu mai gadi. Rubutun zai shiga, ya tattake maƙwabtansa, alamar cutar kuma ta fito a wani wuri daban. Ƙari a kan haka, kamfaila tana da damar ajiye rubutu iri ɗaya a wuri guda, don haka canza ɗaya na iya canza wani da ke can wani fankishin, wato wani sashen shirin mai aikin kansa.

A nan dukansu biyu sun ba da kunya daidai wa daida. A C, nau'in kafaffen rubutu `char[]` ne ba `const char[]` ba, gadon zamanin da `const` bai zo ba. Saboda haka layin farko yana wucewa shiru ko da ka sa `-Wall -Wextra`. Mutane da yawa sun ɗauka `-Wall` tana nufin duk gargaɗi. Ba haka ba ne. Tutar da ake buƙata ita ce `-Wwrite-strings`, kuma sai ka rubuta ta da hannunka. Da ita, GCC da Clang za su ɗauki rubutun a matsayin `const`, su yi ƙorafi tun a layin da ka ba manunin, wato `gaisuwa` mai nuna inda rubutun yake. Gyaran kalma ɗaya ne: `const char *gaisuwa`. A C++ an rufe wannan ƙofa tun ƙa'idar 2011.

GCC tana da wani ƙari. Tutar `-fanalyzer`, da ta fito a GCC 10 a 2020, tana bin hanyoyin shiri daga fankishin zuwa fankishin, kuma daga GCC 11 tana da gargaɗi na musamman ga wanda ya yi rubutu a kan kafaffen rubutu. Tana jan lokaci, kuma C ta fi iyawa a kan C++, amma ta cancanci a kunna ta ko sau ɗaya a mako.

Waƙafi ɗaya da watan Zulhajji

Ga wurin da Clang ta yi wa GCC fintinkau. Manne rubutun nan da muka yaba yana da wutsiya:

```
const char *wata[] = {
    "Muharram", "Safar", "Rabi'ul Awwal", "Rabi'us Sani",
    "Jimada Ula", "Jimada Saniya", "Rajab", "Sha'aban"
    "Ramadan", "Shawwal", "Zulƙida", "Zulhajji"
};
```

An manta waƙafi bayan Sha'aban. A wurin ƙa'ida babu laifi: an manne biyu sun zama `"Sha'abanRamadan"`, jerin ya koma 11. Wata bakwai shirin zai yi yana aiki daidai. A na takwas suna zai fito a cakuɗe, daga nan kowane wata ya zame gaba da ɗaya. UB ɗin kansa sai an nemi `wata[11]`, wato a Zulhajji, lokacin da shaguna da masaukai a Makka ba su da ko minti ɗaya na jiran mai gyara.

Wani zai ce ai sai a rubuta `wata[12]` a huta. Wannan ɓoye cutar yake yi. Gurbi na ƙarshe zai zama `NULL`, kuma miƙa `NULL` ga `%s` shi ma UB ne. `printf` ta glibc, ɗakin karatun C da aka fi amfani da shi a Linux, takan buga `(null)` ta wuce, amma GCC tana yawan sauya `printf("%s\n", p)` ta koma `puts(p)`, ita kuwa `puts` faɗuwa take yi.

Clang tana da `-Wstring-concatenation` tun siga ta 12, kuma tana cikin `-Wextra`. Za ta nuna maka daidai inda waƙafin ya ɓace. Hasashe take yi, shi ya sa idan ta ga gurabe da yawa a manne takan ɗauka da gangan ne ta yi shiru, kuma idan ka nufi mannewar, sai ka sa rubutun cikin baka biyu ta ƙyale ka. `clang-tidy` ma tana da bincike mai suna `bugprone-suspicious-missing-comma`. GCC ba ta da komai a nan. Maganin da ba ya jiran alherin kowace kamfaila shi ne a bar girman jerin a buɗe, a biyo shi da wannan layi na C11:

```
_Static_assert(sizeof wata / sizeof wata[0] == 12, "watanni ba su cika ba");
```

Alamar tarawa

Wanda ya taso da Java ko JavaScript hannunsa ya saba da `"Jimilla: " + adadi`. A C da C++ wannan ba haɗi ba ne, tura manuni ne gaba. Idan adadi 3 ne za ka sami `"illa: "`. Jerin bayit 10 ne, don haka da zarar adadi ya wuce 10, lissafin kansa UB ne tun ba a karanta komai ba. Abin takaicin shi ne `std::string s = "Jimilla: " + adadi;` yana wucewa a C++ ba tare da kuskure ba. Clang tana kama shi da `-Wstring-plus-int`, wadda a kunne take ko ba ka nema ba. GCC ba ta da tuta irin wannan. Shi kuwa `"a" + "b"` dukansu sun ƙi shi, domin ba a tara manuni biyu.

Mazubi da girmansa

Daga nan sikeli ya karkata wajen GCC. Tun GCC 7 a 2017 ta zo da `-Wstringop-overflow` da `-Wformat-overflow` da `-Wformat-truncation`, GCC 8 ta ƙaro `-Wstringop-truncation`. Waɗannan suna aiki ne a cikin injin gyaran sauri, shi ya sa suke iya bin girman mazubi ko bayan an wuce da shi cikin wani ƙaramin fankishin. Ma'anar haka a aikace: idan ka harhaɗa da `-O0` ka rufe musu ido ɗaya. Ka sa `-O2` ko don gargaɗin kaɗai. Farashinsu shi ne ƙarar ƙarya, wani lokaci su yi ihu a kan layin da ba shi da laifi, har kernel ɗin Linux ya daɗe yana kashe wasu daga cikinsu. Ga ƙaramin shiri na shago ko na aikin makaranta, gara a sha ihun. Clang tana da `-Wfortify-source`, amma ta fi kama abin da girmansa ke bayyane a wuri ɗaya.

`char gaisuwa[] = "Salam";` naka ne, kana iya canza haruffansa, amma bayit shida ne ba ƙari. `strncat` da ake gudu wurinta tana da tarko: lambar da kake ba ta ba girman mazubi ba ce, yawan haruffan da za a ɗebo ne, kuma tana ƙara sifili a kai. Daidai shi ne `strncat(m, s, sizeof m - strlen(m) - 1)`. Idan ka ba ta `sizeof m` kai tsaye, Clang za ta yi magana da `-Wstrncat-size`, GCC ma za ta yi. `strncpy` kuwa ba ta sa sifilin ƙarshe idan rubutu ya cika wurin. Haka ma `char s[5] = "Salam";` halal ne a C, sai dai babu sifili, duk `strcat` da ta biyo baya za ta yi ta tafiya cikin jeji. C++ ta haramta shi, GCC 15 ta 2025 kuma ta sa masa gargaɗi a cikin `-Wextra`.

Akwai kuma al'adar ƙara rubutu ta hanyar `sprintf(m, "%s kaza", m)`. Tushe da mazubi wuri ɗaya ne, wannan UB ne, kuma `-Wrestrict` ta GCC da ke cikin `-Wall` tana ganin sa.

Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne `snprintf` tare da duba abin da ta mayar:

```
char layi[64];
int n = snprintf(layi, sizeof layi, "%s: %s", suna, kudi);
if (n < 0 || (size_t)n >= sizeof layi) {
    /* bai isa ba, kada a buga */
}
```

A lura, tsawon da take buƙata take mayarwa, ba wanda ta rubuta ba. Masu ɗinka rasit layi-layi sukan yi `wuri += n` sannan su ba kira na gaba `sizeof layi - wuri`. Idan `wuri` ya riga ya wuce girman mazubi, ragin ba ya komawa ƙasa da sifili, tunda `size_t` ba ta da ƙasa da sifili. Juyawa yake ya zama wata ƙatuwar lamba, kariyar ta tashi. Kada ka dogara da GCC ko Clang su gano maka wannan, duba `n` bayan kowane kira. `strlcat` da `strlcpy`, da suka fito daga OpenBSD a 1998, sun fi sauƙin riƙewa, amma sai a siga ta 2.38 ta 2023 suka shigo glibc. Ubuntu 24.04 tana da su, 22.04 ba ta da su.

Inda dukansu suka makance

C ba ta san harafi ba, bayit ta sani. A UTF-8, tsarin juya haruffa zuwa bayit, kowane harafin Larabci bayit biyu ne. `"مكة"` haruffa uku ne, bayit shida, bakwai da sifili. `"مكة المكرمة"` gurabe 11 ne a ido, bayit 21 a ma'adana. Kowane wasali da aka ɗora, fataha ko kisira ko shadda, wasu biyun ne. Alamar ﷼ uku take ci. Namu haruffan masu lanƙwasa ma haka: ɓ da ɗ da ƙ da ƴ bibbiyu ne, shi ya sa `"ɗanɗano"` haruffa bakwai ne amma bayit tara.

Wanda ya auna faɗin takardar firinta ya ce layi haruffa 32 ne, ya yanka `char layi[33]`, ya gwada da sunan Turanci, komai zai tafi daidai. Ranar da aka sa sunan shago na gaskiya da Larabci, mazubin rabin abin da ake buƙata ne. Tsofaffin shirye-shiryen da aka rubuta a zamanin Windows-1256, inda harafin Larabci bayit ɗaya ne, su suka fi faɗawa wannan idan aka mayar da su UTF-8. Tunda sunan daga fayil ko daga hannun mai shago yake zuwa, kamfaila ba ta da hanyar sanin tsawonsa.

Ko `snprintf` ba ta gama fitar da kai ba. Za ta hana ambaliya, amma tana iya yanke harafi a tsakiya, ta bar bayit ɗaya maraya a ƙarshe. Wannan ba UB ba ne, amma lalataccen UTF-8 ne. Idan dole a yanke, a ja baya muddin bayit ɗin da ke wurin yankan yana cika sharaɗin `(c & 0xC0) == 0x80`, domin wannan ce alamar cigaban harafi.

Tambarin QR na ZATCA ya ƙara fito da muhimmancin wannan. Kowane bayani ana jera shi ne da lambar alama, sai tsawo, sai abin da kansa: 1 sunan mai sayarwa, 2 lambar haraji, 3 lokaci, 4 jimilla, 5 kuɗin haraji, sannan a juya duka zuwa Base64. Tsawon nan na bayit ne. Wanda ya ƙirga haruffa zai fitar da tambarin da ba ya karantuwa daidai. Kuma tunda mataki na biyu na dokar faturar, da ya fara a 1 ga Janairu, 2023, ya ƙaro bayanan sa hannu na sirri waɗanda ɗanyen bayit ne, sifili na iya faɗowa a tsakiya. `strcat` ba ta da hurumi a nan ko kaɗan. `memcpy` ake amfani da ita, kana riƙe da tsawon a hannunka.

Firintocin rasit masu bin umarnin ESC/POS na Epson suna da nasu tarkon, kuma manne kafaffun rubutu ne maganinsa. Umarnin kaurara rubutu ESC E ne, na daidaita layi ESC a, na tura takarda ESC d. Idan ka rubuta `"\x1BE"`, kamfaila ba ta tsayawa a 1B, domin `\x` tana haɗiye duk alƙaluman heksa da suka biyo ta, kuma E da a da d duk alƙaluman heksa ne. Sai ta karanta 1BE, lambar da ta fi ƙarfin bayit ɗaya. Clang tana tsayar da aiki da kuskure, GCC gargaɗi kawai take yi ta ci gaba, wanda a ganina sakaci ne. Rubuta `"\x1B" "E"` ya warware, tunda ana fassara `\x` a mataki na biyar kafin mannewa a na shida. `"\033E"` ma daidai ne, okta ba ta wuce alƙaluma uku. Sannan kashe kaurin ESC E ne da sifili, wanda zai datse rubutunka a idon `strlen`. Sa'a ita ce umarnin bit na ƙarshe kawai yake dubawa, don haka harafin `'0'` yana kashewa, `'1'` yana kunnawa.

Makiro da harafin gaba

Wasu sukan ɗauka `##` ita ce hanyar haɗa rubutu a makiro: `#define HADA(a, b) a ## b`. Aikin `##` manne guntaye biyu ne su zama guntu ɗaya ingantacce. `"Riyal ""15"` ba guntu ɗaya ba ne, kuma ƙa'idar C ta ce sakamakon irin wannan UB ne. GCC da Clang duk sun ƙi shi da kuskure, sun kyauta. Tsohon mai share fage na MSVC, kamfailar Microsoft, yakan bar shi ya wuce, shi ya sa ake cin karo da shi idan an ɗauko shiri daga Windows. A cire `##` ɗin kawai, `a b` ya wadatar. Inda take da amfani shi ne `L ## x`, domin `L"..."` guntu ɗaya ne.

Jera rubutu mai `L` kusa da marar komai UB ne a C ta 1989 da C++ ta 1998. C99 da C++11 suka halatta shi, duka ya zama mai faɗi. Haɗa harafin gaba biyu mabambanta, kamar `u"..."` da `L"..."`, C++23 ta haramta shi kai tsaye. Wani ƙaramin abu: `"%"PRId64` ba tazara yana aiki a C, amma daga C++11 ana karanta shi da wata ma'ana. A sa tazara.

A C++ `std::string` ta ɗauke yawancin wahalar, ta kawo tata. `std::string_view v = suna + " kaza";` yana nuna rubutun wucin gadi da ya mutu a ƙarshen layin. Haka adana `(suna + " kaza").c_str()`. Clang tana kama na farkon da `-Wdangling-gsl` ba tare da an roƙe ta ba. Kuskuren yana da wayo: gajeren rubutu, har bayit 15 a ɗakin karatun GCC, 22 a na Clang, ana ajiye shi ne cikin jikin abin, sau da yawa ya ci gaba da bayyana kamar lafiya. Suna na Larabci mai haruffa takwas ya riga ya haye 15.

Masu gadin lokacin gudu

AddressSanitizer, da injiniyoyin Google suka ƙirƙira, yana cikin Clang tun 3.1 da GCC tun 4.8, kuma shi ne abu mafi daraja a duk wannan kaya. Yana kewaye kowane mazubi da shinge, da zarar an taka ya tsayar da shiri ya ba ka fayil da lambar layi. Yana rage sauri kusan ninki biyu, Valgrind kuwa, wani kayan gwaji mai irin wannan aiki, ninki goma zuwa sama, kuma Valgrind ɗin ba ya ganin ambaliyar jerin da ke cikin fankishin. Abokin tafiyar AddressSanitizer, `-fsanitize=undefined`, shi zai kama `wata[11]`. A nan GCC da Clang kunnen doki suka yi, tushen kayan ɗaya ne.

Iyakokin AddressSanitizer uku ne da ya kamata a sani. Layin da aka bi kawai yake gani, idan gwajinka bai kai Zulhajji ba shi ma bai kai ba. Tsalle mai nisa, irin na `"Jimilla: " + 500`, yana iya haye shingen ya sauka a wani halastaccen wuri. Kuma ba ya ganin ambaliya daga wani gurbi na `struct` zuwa maƙwabcinsa. Wannan na ƙarshe `_FORTIFY_SOURCE=2` ce ke kama shi a `strcpy` da `strcat`. Tana buƙatar aƙalla `-O1`, mataki na 3 kuma yana son GCC 12 ko sama. Kada a haɗa ta da AddressSanitizer a gini ɗaya, kuma kada a kai wa mai shago ginin da ke ɗauke da AddressSanitizer, na ɗakin gwaji ne.

Saitin da ya dace gini biyu ne. Na gargaɗi, a gudanar da shi da kowace kamfaila:

```
gcc   -std=c17 -O2 -Wall -Wextra -Wpedantic -Wwrite-strings -Wformat=2 rasit.c
clang -std=c17 -O2 -Wall -Wextra -Wpedantic -Wwrite-strings -Wformat=2 rasit.c
```

Sai na gwaji:

```
clang -O1 -g -fno-omit-frame-pointer -fsanitize=address,undefined -fno-sanitize-recover=all rasit.c
```

Tutar ƙarshen tana da muhimmanci, in babu ita mai gadin UB yana buga ƙorafi ne ya bar shiri ya ci gaba. GCC ta Ubuntu tana kunna `_FORTIFY_SOURCE` da kanta idan an sa gyaran sauri, don haka mai son canza mataki ya fara da `-U_FORTIFY_SOURCE`. A gwada da sunan Larabci mafi tsawo da za a iya samu, da wasullansa, da rubutu marar komai, da wanda ya cika mazubi cif, da wanda ya haura da bayit ɗaya.

Wajen girkawa, a Ubuntu `sudo apt install build-essential clang clang-tidy` ya gama, 24.04 tana ba da GCC 13 da Clang 18. Masu Windows su lura, GCC ta MinGW ba ta da AddressSanitizer. Ko dai a bi ta WSL, ko Clang ta MSYS2, ko Visual Studio daga 2019 siga 16.9 da tutar `/fsanitize=address`, tare da `/utf-8` don kada Larabcin ya rikiɗe tun a fayil. A Mac, umarnin `gcc` Clang ce sanye da rigar wata, mai son ra'ayi na biyu sai ya girka GCC ta gaske. Wanda kuma kwamfutarsa ba ta da wuri, shafin Compiler Explorer na Matt Godbolt yana ba da damar liƙa guntun shiri a ga abin da sigogi daban-daban na GCC da Clang da MSVC za su ce gefe da gefe, kyauta. Sai dai abin da ka liƙa yana zuwa kwamfutar wasu ne, don haka a cire lambar harajin mai shago da mabuɗansa kafin a liƙa.